Me ya sa haɗa manyan tseren dawaki uku na Amurka yake da wuya haka?

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da bidiyon tseren Kentucky Derby, ka ga mutane fiye da 150,000 sun cika fili saboda gudun kimanin minti biyu kacal, sannan ka ji ana cewa dawaki 13 kacal ne a tarihi suka taɓa haɗa wannan tsere da sauran biyun da ke biye da shi. Shi ne kake tambaya: dokin da ya fi tsararrakinsa gudu a farkon watan Mayu, me zai hana shi sake fin su a tsakiyar watan, ya kuma fi su a farkon Yuni?

Na daɗe ina bin waɗannan tseren, kuma abin da na fahimta shi ne kowane ɗaya daga cikinsu da irin jarrabawar da yake yi wa doki, ga shi babu wani hutun kirki a tsakaninsu. Na farko, Kentucky Derby, ana yin sa ranar Asabar ta farko a watan Mayu a filin Churchill Downs da ke birnin Louisville, nisansa kimanin mita 2,000, kuma tun 1875 ake yin sa. Bayan mako biyu sai Preakness Stakes, wanda gidansa shi ne filin Pimlico a Baltimore, kimanin mita 1,900. Bayan wasu makonni uku sai Belmont Stakes a jihar New York, wanda ya girme su duka don an fara shi a 1867, kuma nisansa na al'ada mita 2,400 ne. Dokin da ya ci ukun shi ake cewa ya ɗauki Triple Crown, wato kambi uku. Ka lissafa: fiye da kilomita shida na sukuwa iya ƙarfi, a filaye uku, cikin mako biyar.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne shekaru. 'Yan shekara uku kaɗai ake bari su shiga. Doki sau ɗaya yake samun wannan dama a duk rayuwarsa. In ya yi tari a makon tseren, ko kofatonsa ya tsage, shi ke nan, ba a cewa sai baɗi. Kuma a tsarinsu, duk dokin tsere da aka haifa a wannan ɓangaren na duniya ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko da wane wata aka haife shi. Saboda haka duƙushin da aka haifa a watan Mayu yana iya shiga Derby bai ma cika shekara ukun gaske ba, yana karawa da wanda ya girme shi da wata uku ko huɗu. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san ɗan shekara uku bai gama haɗa jiki ba. Ƙashin bayansa yana kan ƙarfafa, hankalinsa ma bai gama zama ba. Irin wannan ne ake ɗora wa nauyin kilo 57, mahayi da sirdi, a ce ya yi gudun kusan kilomita 60 a awa. Goɗiya ana rage mata kimanin kilo biyu, amma duk da haka goɗiyoyi uku ne kawai suka taɓa cin Derby: Regret a 1915, Genuine Risk a 1980, da Winning Colors a 1988.

Su kansu dawakin, jinsin da ake kira Thoroughbred ne, wanda Turawan Ingila suka samar ta hanyar haɗa goɗiyoyinsu da ingarmu daga gabas. Duk dokin tseren da ka gani a yau, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, za ta tsaya a kan ɗaya daga cikin ingarmu uku: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Sham a 1704, da Godolphin Arabian wanda ake cewa ta Tunis ya bi ya shiga Faransa kafin ya isa Ingila. Fiye da shekara 300 ana zaɓen mai gudu ana haɗa shi da mai gudu. Sakamakon shi ne dabba mai nauyin kusan kilo 500, mai faɗin ƙirji da ƙaton huhu, a kan ƙafafu sirara. Wannan siffa ita ce kyawunsa, ita ce kuma rauninsa, zan dawo kan wannan.

Yanzu Derby. Kafin doki ya samu gurbi, sai ya tara maki. Tun 2013 aka kafa wannan tsari: akwai jerin tsere da ake farawa tun ƙarshen shekarar da ta gabata, manyansu kuma suna zuwa a Maris da Afrilu, irin su Florida Derby, Santa Anita Derby, Arkansas Derby, Blue Grass Stakes da Wood Memorial. Akwai ma hanya ta Dubai da ta Japan. Ashirin da suka fi maki su ne ke shiga. Ka ga kenan kafin ranar Derby ta zo, dokin ya riga ya sha gudu mai tsanani sau biyu ko uku a watannin baya. Mai horarwa yana tafiya ne a kan siririyar hanya: in ya tausaya wa dokin bai samu maki ba, in ya matse shi ya isa Louisville a gajiye.

Wahalar Derby ta musamman ita ce cunkoso. A sauran tseren Amurka da wuya ka ga dawaki sun wuce 12 ko 14. A nan 20 ne, babu ɗayansu da ya taɓa gudu cikin taro irin wannan, kuma kusan dukkansu ba su taɓa yin mita 2,000 ba. Da an buɗe ƙofofin tashi, kowa yana neman kusa da shingen ciki kafin a kai kwanar farko, kamar an tashi kasuwa ƙofar fita kuma ɗaya ce. Ana gogayya, ana taka juna, ƙasa tana feshi a fuskar na baya, ihun jama'a yana firgita wanda bai saba ba. Lambar ɗakin da doki ya tashi daga ciki, wadda ƙuri'a ke bayarwa, tana iya kashe masa tsere tun kafin a fara. Wanda ya samu lamba 1 yana manne da shinge, sauran 19 kuma suna matsowa kansa. Rabon da a ci Derby daga wannan ɗaki tun Ferdinand a 1986. Wanda yake can waje kuma, in bai samu ya kutsa ciki ba, zai zagaya kwanoni biyu a faɗaɗe, ya yi gudun da ya fi na sauran da mitoci masu yawa. Shi ya sa masu bin harkar suka san cewa ba kullum dokin da ya fi kowa ke cin Derby ba. Wani lokaci wanda hanya ta buɗe masa ne.

Sai kuma batun saurin farko, wanda shi ne ginshiƙin fahimtar tseren doki gaba ɗaya. Doki ba ya iya riƙe iyakar gudunsa fiye da 'yan ɗaruruwan mitoci. In na gaba suka kwashi gudu fiye da kima a rabin farko, ƙafafunsu za su yi nauyi a layin ƙarshe, na baya su zo su wuce su. Sauri ya haifi nawa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na 2022. Dawakin gaba suka yi mita 400 na farko cikin daƙiƙa 21.78, saurin da ba a taɓa buɗe Derby da shi ba. Can baya kuwa akwai wani doki, Rich Strike, wanda aka saya dala 30,000, wanda ma bai samu gurbi ba sai ana gobe tseren da wani ya janye. Mahayinsa Sonny Leon ya bar su suka ƙone kansu, ya riƙa saƙawa tsakanin gajiyayyun dawaki, ya bi ta jikin shinge ya wuce Epicenter, dokin da ke gaba, dab da layi. Dokin nan bai sake cin wani tsere ba har aka yi masa ritaya. Ranar tasa ce, tsarin gudun kuma ya zo daidai da shi.

Don ka gane girman Secretariat, wanda za ka yi ta jin sunansa, dubi yadda ya yi nasa Derby a 1973. Kusan kowane doki yana raguwa ne a hankali yayin da tsere ke tafiya. Wanda ake gani kamar yana ƙara wuta a ƙarshe, yawanci shi ne dai wanda ya fi sauran jinkirin gajiya. Shi kuwa wannan jan ingarma, in ka raba tseren kashi biyar na mita 400, ya yi su cikin daƙiƙa 25.2, 24, 23.8, 23.4, sannan 23. Kowane kashi ya fi na bayansa sauri. Ya gama cikin minti 1 da daƙiƙa 59.4, kuma har yau babu wanda ya karya wannan. Tun daga lokacin, wanda ya ci Derby cikin ƙasa da minti biyu Monarchos ne kaɗai, a 2001.

Preakness ba zan daɗe a kansa ba, don a ganina shi ne mafi sauƙin ukun ga dokin da ya ci Derby. Nisan ya ɗan ragu, dawakin ba sa wuce 14, sau da yawa ma ba sa kai goma, kuma dokin da yake kan ganiyarsa yakan iya riƙe ta mako biyu. Hujjata ita ce: tsakanin 1979 da 2014, dawaki 13 ne suka ci Derby suka kuma ci Preakness. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ci na ukun. Abin da Preakness ke yi shi ne cinye ajiyar ƙarfin da dokin zai buƙata nan da mako uku.

Belmont ne wurin da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mita 2,400 a kan ƙasa nisa ne da dawakin Amurka kusan ba sa yi. Yawancin waɗanda suka shiga ba su taɓa yin sa ba, ba kuma za su sake ba. Tsohon filin Belmont Park kansa wani abu ne daban. Zagayensa ɗaya shi ne mita 2,400 ɗin, alhali Churchill Downs da Pimlico zagayensu mita 1,600 ne. Ƙasarsa rairayi ce mai zurfi da ke shan ƙarfin ƙafa, kwanoninsa kuma dogaye ne masu faɗi. Mahayin da ya saba da ƙananan filaye, da ya ga an shiga kwanar ƙarshe jikinsa zai gaya masa lokacin sakin linzami ya yi, alhali a Belmont saura tafiya mai nisa. Mahaya da dama, har da gwanaye, sun faɗa wannan rami.

A 1998 Real Quiet ya shigo layin ƙarshe yana gaba da tsawon doki huɗu. Mahayinsa Kent Desormeaux ya sake shi da wuri, sai Victory Gallop, wanda ya zo na biyu a Derby da Preakness duka, ya riƙa cin tazarar taki bayan taki har suka taka layi tare. Sai da aka duba hoto: an kayar da Real Quiet da tsinin hanci. A 2004 Smarty Jones ya zo bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya, mutane fiye da 120,000 suka cika filin don su shaida, amma aka yi ta matsa masa tun tsakiyar tseren bai samu ya numfasa ba, Birdstone ya kama shi a mitocin ƙarshe. Edgar Prado, mahayin da ya ci, sai da ya ba jama'a haƙuri. Spectacular Bid a 1979, wanda da yawa ke sa shi cikin manyan dawakin ƙarnin, ya ƙare na uku; mai horar da shi ya ce ya taka fil a barga da safiyar ranar, mahayinsa matashi kuma ya bi wani doki da gudu tun farko ba gaira ba dalili. Big Brown a 2008 mahayinsa ne ma ya tsayar da shi kafin layi. I'll Have Another a 2012 ciwon jijiyar ƙafa ya sa aka janye shi ana gobe tseren. Kowanne da irin tasa, amma in ka tattara su, gajiya da nisa ne.

Wannan ne ya sa abin da Secretariat ya yi a Belmont ranar 9 ga Yuni, 1973 ya zama abin da har yau ake komawa a kalla. Shi da abokin hamayyarsa Sham suka tashi da gudu irin na gajeren tsere, suka yi rabin nisan, mita 1,200, cikin minti 1 da daƙiƙa 9.8. A ƙa'ida, wannan kashe kai ne. Sham ya ƙare na ƙarshe. Shi kuwa Secretariat bai rage ba, mahayinsa Ron Turcotte yana zaune bai taɓa shi da bulala ba, tazara tana ta buɗewa har mai ɗaukar hoto ya rasa yadda zai haɗa shi da sauran a allo ɗaya. Ya ci da tsawon doki 31, cikin minti 2 da daƙiƙa 24 cif. Fiye da shekara 50 ke nan babu dokin da ya kusanci wannan lokaci a mita 2,400 a kan ƙasa. Da ya mutu a 1989, likitan da ya duba gawarsa ya ƙiyasta nauyin zuciyarsa da kusan kilo 10, fiye da ninki biyu na zuciyar doki da aka saba gani.

Akwai kuma wani abu da sababbin masu kallo ba sa lura da shi: ba dole ne doki ya shiga duka ukun ba. Mai neman kambi yana zuwa Belmont da tsere biyu masu zafi a ƙafafunsa, ya tarar da waɗanda suka huta mako biyar tun Derby, da waɗanda ma ba su shiga ko ɗaya ba. A 2014 California Chrome ya faɗi a hannun Tonalist, wanda bai je Derby ba bai je Preakness ba, har ɗaya daga cikin masu dokin, Steve Coburn, ya fusata a gaban kyamara ya kira hakan hanyar matsorata, daga baya ya nemi afuwa. Na fahimci zafin da ya ji, amma ban yarda da shi ba. Dokin da zai amsa sunan zakara, dole ya kayar da duk wanda ya fito, hutacce da gajiyayye. A shekarar da ta biyo baya kuwa American Pharoah, na wani ɗan kasuwa haifaffen Masar mai suna Ahmed Zayat, ya shiga gaba tun daga tashi ya ci Belmont da tsawon doki biyar da rabi, ya kawo ƙarshen jiran shekara 37. Bayan shekara uku Justify ya maimaita.

Inda gardama take a yanzu shi ne ko a ƙara tazarar da ke tsakanin tseren. Dalilin masu wannan ra'ayi ba na banza ba ne. Dawakin yanzu ba a gudanar da su kamar na da. Citation, wanda ya ɗauki kambi a 1948, ya yi tsere 20 a wannan shekarar kaɗai ya ci 19. Ya yi wani tsere kwana huɗu kafin Derby, ya kuma ƙara wani tsakanin Preakness da Belmont. Justify kuwa tsere shida ya yi a duk rayuwarsa. Masu horarwa na yanzu sun fi son ba doki mako huɗu zuwa shida tsakanin tsere da tsere. Kuɗi ma ya sauya wuri. Wanda ya ci Derby a 2024 ya samu dala miliyan 3.1 daga cikin miliyan biyar da aka sa, amma wannan ƙaramin abu ne in aka gwada da kuɗin barbara. American Pharoah da aka yi masa ritaya, dala 200,000 ake biya kan kowace goɗiya a shekararsa ta farko, ingarma irinsa kuma yana iya hawa fiye da goɗiya 150 a shekara. Mai doki da ya san haka ba zai so ya yi kasadar ƙafar dokinsa a tsere na biyu cikin kwana 14 ba.

Abin ya riga ya fara bayyana. Rich Strike bai je Preakness ba. A 2025 Sovereignty, dokin bargar Godolphin ta Sheikh Mohammed bin Rashid na Dubai, ya ci Derby, mai horar da shi Bill Mott ya ce ba za su je Baltimore ba, suka jira Belmont suka sake kayar da Journalism, wanda shi ya daure ya shiga duka ukun ya kuma ci Preakness. Da yawa daga cikinmu mun ji ciwon wannan, don Sovereignty ya nuna yana da abin da ake buƙata. Ka kuma sani cewa Belmont na 2024 da na 2025 a filin Saratoga aka yi su, a mita 2,000, saboda ana sake gina Belmont Park. Don haka ko da ya haɗa ukun, da an yi ta ce-ce-ku-ce kan nisan.

Ni dai matsayina a bar mako biyar ɗin yadda yake. Na san tsarin bai kai tsufan da wasu ke zato ba. A 1969 aka daidaita shi haka, Sir Barton kuwa a 1919 kwana huɗu ne tsakanin Derby ɗinsa da Preakness. Amma Secretariat da Seattle Slew da Affirmed da American Pharoah da Justify, waɗanda suka ɗauki kambin, duk a kan wannan ma'auni aka auna su, kuma biyun ƙarshe sun tabbatar dokin zamani yana iyawa. In aka mayar da tazarar wata guda-guda, za a samu masu kambi da yawa, sai dai kambin ba zai ƙara nufin abin da yake nufi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ba na zargin mai horarwar da ya dubi dokinsa ya ga bai murmure ba ya ce a huta. Shi ne yake shiga barga da asuba ya ga ko dokin ya cinye abincinsa, ya shafa ƙafafunsa ya ji ko akwai zafi. Gyaran da nake so a gani yana wajen kiwo ne: a daina fifita ingarmun da ke haifar masu saurin tashi da saurin karyewa, a koma daraja juriya da ƙwarin ƙashi, a kuma bar zakaru su yi gudu a shekara huɗu da biyar maimakon a kwashe su zuwa barbara suna 'yan uku.

Na ce zan dawo kan raunin ƙafa, kuma ba zan ɓoye maka ba, wannan ne ɓangaren da ke sa mai son doki kwana da baƙin ciki. Barbaro ya ci Derby na 2006 da tsawon doki shida da rabi, ya karya ƙafar baya jim kaɗan bayan tashi a Preakness, likitoci suka yi ta fama wata takwas kafin a haƙura a Janairun 2007. Eight Belles, goɗiya, ta zo ta biyu a Derby na 2008, ta wuce layi, sai ƙafafunta na gaba biyu suka karye a wurin. Doki ba ya iya kwanciya jinya na makonni, in kuma ya jingina nauyinsa a kan sauran ƙafafun sai kofatonsu ya kamu da ciwo, shi ya sa karaya mai tsanani takan zama ajali. A bazarar 2023 dawaki 12 suka mutu a Churchill Downs cikin 'yan makonni, har aka dakatar da tsere a filin aka mayar wani wuri. Ga kuma matsalar magunguna: Medina Spirit ya riga kowa taka layi a Derby na 2021, aka samu maganin kumburi da aka hana amfani da shi ranar tsere a jininsa, daga baya aka ƙwace nasarar aka ba Mandaloun. A 2020 Amurka ta yi dokar da ta kafa hukuma guda mai kula da lafiyar dawaki da gwajin magunguna a faɗin ƙasar, maimakon kowace jiha da nata tsarin. An ƙara binciken likitoci kafin tsere, an taƙaita bulala zuwa sau shida, har mahayin Sovereignty, Junior Alvarado, aka ci tararsa don ya wuce wannan adadi. Mace-macen sun ragu sosai daga kusan biyu cikin kowace fita 1,000 da ake samu a 2009, amma aiki bai ƙare ba, kuma masoyin gaskiya shi ya fi cancanta ya riƙa faɗin haka da babbar murya.

Wani tarihi da nake so ka sani, don ba kasafai ake ba da shi ba: a Derby na farko a 1875, mahaya 13 cikin 15 baƙaƙen fata ne. Oliver Lewis ne ya ci a kan Aristides, wanda ya horar da dokin kuma, Ansel Williamson, a cikin bauta aka haife shi. Cikin Derby 28 na farko, baƙaƙen mahaya sun ci 15. Isaac Murphy ya ci uku, a 1884, 1890 da 1891. Jimmy Winkfield ya ci a 1901 da 1902, kuma shi ne baƙin mahayi na ƙarshe da ya ci har yau. Da harkar ta fara kawo kuɗi sai wariyar launin fata ta ture su, fararen mahaya suna matse su da shinge, masu dawaki suka daina ba su hawa. Winkfield ya tafi Rasha ya zama tauraro a can, daga baya ya zauna a Faransa.

In kana son faɗaɗa kallonka, Ingila ce uwar wannan al'ada, kuma daga Epsom Derby, wanda aka fara a 1780, aka aro sunan na Kentucky. Nasu a kan ciyawa ake yi: 2000 Guineas a Newmarket wajen farkon Mayu, mita 1,600 a miƙe babu kwana, Epsom a farkon Yuni, fili mai hawa da gangara, sai St Leger a Satumba. Su tazararsu watanni ce, amma duk da haka rabon da a haɗa ukun tun Nijinsky a 1970, abin da ke nuna maka cewa bambancin nisa kaɗai ya isa ya hana.

Game da yadda za ka kalla: gaskiya ce harkar a can an gina ta a kan caca, kuma za ka ga lambobinta a ko'ina a allo. Ba ka buƙatar ta ko kaɗan, ni ban ga abin da take ƙara wa kallon ba sai ɗauke hankali daga dokin. Ana tashin Derby wajen ƙarfe 7 na yamma agogonsu, wato dab da 12 na dare agogon Najeriya da Nijar. Kafin ranar, nemi bidiyon manyan tseren Maris da Afrilu, ka zaɓi doki biyu ko uku, ka haddace kalar rigar mahayansu, don cikin dawaki 20 ba za ka iya bin kowa ba. Lura da wanda, bayan ya wuce layi, yake ci gaba da sukuwa da ƙarfi. Wannan ne mai neman ƙarin nisa. Lokacin da ake zagayawa da su kafin tashi, dubi wanda ya jiƙe da gumi a wuya da cinya yana ta fizgar kai, ya fara ƙona ƙarfinsa tun ba a fara ba. Da an tashi kuma, sa ido kan agogon da ke gefen allo: in an yi mita 800 na farko cikin ƙasa da daƙiƙa 46, fara neman masu zuwa daga baya, in ya kai 48, na gaba zai yi wuyar kamawa. Sannan ka sake kallon tseren sau biyu, ido a kan doki ɗaya kawai daga tashi har layi, za ka ga inda aka toshe shi da inda mahayinsa ya yanke shawara.

In kuma za ka fara da tsoffin bidiyo, bayan Belmont na 1973 ka nemi na 1978. Affirmed da Alydar sun kara a duka ukun, Alydar ya zo na biyu a kowanne, tazarar kuma tana raguwa: tsawon doki ɗaya da rabi a Derby, wuya a Preakness, kai a Belmont. A na ƙarshen sun yi kusan rabin tseren kafaɗa da kafaɗa, har Steve Cauthen, mahayin Affirmed ɗan shekara 18, ya rasa sararin ɗaga bulala da hannun dama saboda yadda Alydar ya manne masa, ya mayar da ita hagu.